Nazarin Lamari: Yadda Ake Zaɓen Mutum-mutumin Aikin Ceto, Daga Fukushima Zuwa Pomona

Da safiyar Asabar 12 ga Maris, 2011, kwana guda bayan girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.0 da igiyar ruwan tsunami sun afka wa gaɓar arewa maso gabashin Japan, ma'aikatan tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi suka tsinci kansu a gaban wani aiki wanda a ranar da komai ke lafiya daga ɗakin kula da tasha ake yin sa cikin ɗan lokaci. Ruwan teku ya cinye janaretocin ko-ta-kwana, wuta ta ɗauke, tukunyar nukiliya ta ɗaya tana ta ƙara zafi, matsin iska kuma yana hauhawa a cikin rumbun ƙarfen da ke kewaye da ita. Ya zama dole a buɗe bawul biyu da hannu domin a saki iskar, ɗaya a hawa na biyu na ginin, ɗayan kuma a can ƙarƙashin ƙasa. Rukunin farko na ma'aikata suka shiga cikin duhu da tocila suka buɗe na sama zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Rukuni na biyu suka nufi na ƙasa, amma tururin nukiliya ya yi yawan da ya tilasta musu juyowa tun kafin su isa. An samu sakin iskar daga baya ta wata dabara, sai dai da ƙarfe 3:36 na yamma iskar haidurojin da ta taru ta fashe, ta yaye saman ginin. Gini na uku ya fashe ranar 14 ga wata, na huɗu kuma ranar 15.

Japan ƙasa ce da duniya ta sani da ƙera mutum-mutumi, kuma ASIMO na kamfanin Honda ya daɗe yana tafiya da hawa matakala a gaban 'yan kallo, amma ba a tura shi Fukushima ba domin ba don irin wannan wuri aka gina shi ba. Na'urorin farko da suka shiga gine-ginen tukwanen, ranar 17 ga Afrilu, su ne PackBot na kamfanin iRobot na Amurka, ƙananan na'urori masu tafiya a kan sarƙa irin ta katafila, waɗanda aka saba amfani da su wajen kwance bama-bamai. Sun auna tururin nukiliya sun ɗauko hotuna a hawan ƙasa, amma matakalar ginin ta gagare su. Shi ya sa a watan Yuni aka kawo Quince, wadda masana daga Cibiyar Fasaha ta Chiba da Jami'ar Tohoku suka ƙera, domin ita gwanar hawa ce. Katangun kankare masu kauri sun hana saƙon rediyo ratsawa, don haka aka ɗaura mata doguwar waya. A watan Oktoba ta hau har hawa na biyar na gini na biyu, amma a hanyar dawowa sadarwa ta wayar ta yanke, ta tsaya a hawa na uku, aka bar ta a can.

Daga wannan hatsari ne hukumar DARPA, mai kula da binciken fasahar tsaro a Amurka, ta ƙaddamar da gasar mutum-mutumin ceto a 2012 a ƙarƙashin jagorancin Gill Pratt. Hujjarsa ita ce da an sami na'urar da za ta iya shiga ta murɗa bawul a cikin sa'o'i 24 na farko, da wataƙila an kauce wa fashewar. Tunanin da ya sa aka karkata ga siffar ɗan Adam mai sauƙin fahimta ne: ƙofofi da matakala da motoci da kayan aikin tasha duk an yi su daidai da tsawon mutum da hannunsa, don haka na'urar da za ta maye gurbinsa tana bukatar jiki mai kama da nasa. A Hausa ma kalmar da muke kiran wannan na'ura da ita, mutum-mutumi, ta riga ta ɗauka cewa kamannin mutum take da shi, kuma wannan ɗauka ita ce gasar ta saka a kan mizani.

An yi gwajin share fage a Homestead ta jihar Fulorida a watan Disamba na 2013, inda mutum-mutumin kamfanin SCHAFT na Japan ya zo na ɗaya da maki 27 cikin 32, kafin kamfanin Google da ya sayi SCHAFT ya janye shi daga gasar. Zagayen ƙarshe ya gudana ranakun 5 da 6 ga Yuni, 2015, a Pomona ta jihar Kalifoniya, da ƙungiyoyi 23. Kowane mutum-mutumi yana da sa'a guda ya yi ayyuka takwas: ya tuƙa ƙaramar mota, ya sauko daga cikinta, ya buɗe ƙofa ya shige, ya murɗa bawul, ya ɗauki injin yanka ya huda bango, ya yi wani aikin ba-zata, ya ratsa ɓaraguzai, sannan ya hau matakala. Babu igiyar da za ta tare shi in ya faɗi, babu wayar wuta, kuma da zarar ya shige ƙofa ana dagula sadarwa tsakaninsa da masu sarrafa shi da gangan. In ya faɗi ya kasa tashi, mutanensa na iya zuwa su ɗaga shi, amma za a ƙara musu minti 10 a kan lokacinsu. Kowace ƙungiya ta yi zagaye biyu, ɗaya a kowace rana, kuma wanda ya fi kyau shi ake lissafawa.

DRC-HUBO na cibiyar KAIST da ke Daejeon a Koriya ta Kudu, ƙarƙashin Farfesa Oh Jun-ho, ya gama ayyuka takwas cikin minti 44 da daƙiƙa 28, ya ɗauki dala miliyan 2. Running Man na cibiyar IHMC da ke Pensacola, wanda jikinsa Atlas ne ƙirar kamfanin Boston Dynamics, ya gama takwas cikin minti 50 da daƙiƙa 26, ya sami dala miliyan 1. CHIMP na Jami'ar Carnegie Mellon ya gama takwas cikin minti 55 da daƙiƙa 15, ya sami dala 500,000. Momaro na Jami'ar Bonn a Jamus ya zo na huɗu da ayyuka bakwai cikin minti 34 kacal, RoboSimian na cibiyar JPL ta hukumar NASA kuma ya zo na biyar.

Abin da wannan nazari ya sa a gaba shi ne, in da wata hukumar ceto za ta sayi guda ɗaya daga cikin waɗannan domin wuri irin Fukushima, ta yaya za ta zaɓa, kuma ko jerin da aka sanar a Pomona ya wadatar da ita.

Wannan jeri shi kansa sakamakon wata hanyar yanke shawara ce, ko da yake ba kasafai ake kallonsa haka ba. DARPA ta ce a fara duba yawan ayyukan da aka gama, in an yi kunnen doki sai a duba lokaci. Irin wannan tsari yana ba ma'auni na farko cikakken iko, ta yadda duk saurin da na'ura ta yi ba zai cike mata gurbin aiki guda da ta bari ba. Tsarin ya dace da gasa domin ba ya barin ƙofar gardama. Hukumar da za ta kashe kuɗin jama'a kuwa tana da ma'aunai da yawa masu karo da juna: yawan aikin da na'ura ke iyawa, saurinta, tsayuwarta ba tare da faɗuwa ba, nauyin jikinta, tsawon lokacin da batirinta ke ɗauka, juriyarta ga tururi, yawan mutanen da ake bukata su sarrafa ta, da tsadarta. Domin irin wannan ruɗani aka ƙirƙiro hanyoyin yanke shawara masu ma'aunai da yawa, kuma biyu daga ciki, AHP da TOPSIS, su ne aka fi gani a rubuce-rubucen injiniyoyi kan zaɓen na'ura.

AHP, wadda Thomas Saaty ya tsara a shekarun 1970, tana amsa tambayar wane ma'auni ya fi wane muhimmanci. Maimakon a ce wa ƙwararre ya raba kashi ɗari tsakanin ma'aunai takwas kai tsaye, abin da kan kai ga cinta-cinta, sai a riƙa ɗauko su bibbiyu ana tambayarsa wanne ya fi, kuma da ninki nawa, daga 1 zuwa 9. Ma'aunai takwas na bukatar kwatance 28. Daga amsoshin ne lissafi ke fitar da kason kowane ma'auni, sannan ya binciki ko mai amsar ya saɓa wa kansa. Wanda ya ce rashin faɗuwa ya ninka sauri sau uku, sauri kuma ya ninka sauƙin nauyi sau biyu, ana sa ran ya ce rashin faɗuwa ya ninka sauƙin nauyi wajen sau shida. In ya ce daidai suke, maganarsa ta tufka ta warware. Saaty ya ajiye iyakar saɓani a 0.1, wanda ya haura ta sai ya sake zama ya duba amsoshinsa. TOPSIS kuwa, wadda Hwang da Yoon suka gabatar a 1981, tana karɓar waɗannan kasonni ta jera 'yan takara. Takan ƙaddara wata na'ura ta mafarki da ta tattara mafi kyawun abin da kowace take da shi, ta ƙaddara kishiyarta da ta tattara mafi munin, sannan ta auna nisan kowace na'ura ta gaske daga waɗannan biyu. A Pomona na'urar mafarkin za ta kasance mai saurin Momaro, mai sauƙin nauyinsa na wajen kilo 58 a gaban HUBO mai wajen 80 da Atlas da ya haura 150 da CHIMP mai kimanin 200, mai kuma iya tashi da kanta kamar CHIMP.

Ana iya ganin ƙarfin waɗannan kasonni da ma'aunai biyu kaɗai, ta amfani da alƙaluman Pomona. HUBO ya yi ayyuka takwas, kowanne a matsakaicin minti 5.6, Momaro kuma ya yi bakwai, kowanne a minti 4.9. In aka ba wanda ya fi a kowane ma'auni maki 100, HUBO na da 100 a yawan aiki da kimanin 87 a sauri, Momaro na da 87.5 a yawan aiki da 100 a sauri. Kwamitin da ya ba yawan aiki kashi 60 ya ba sauri 40 zai sami HUBO da kimanin 95, Momaro da 92.5. Kwamitin da ya juya kasonnin, sauri 60 yawan aiki 40, zai sami Momaro da 95, HUBO da kimanin 92. Na'urorin ba su canza ba, alƙaluman ba su canza ba, amma wanda ya zo na huɗu ya koma na ɗaya saboda mutanen da ke zaune a teburi sun matsar da kashi 20 daga wannan gefe zuwa wancan. Kuma kwamiti na biyu yana da hujja mai ƙarfi, tun da a Fukushima sa'o'i ake ƙirgawa.

A nan ne, a ganina, babban haɗarin waɗannan hanyoyi yake idan aka yi amfani da su ba tare da an koma ga filin aikin ba. Aikin da Momaro bai yi ba shi ne hawa matakala. Ƙafafunsa huɗu suna ƙarewa ne da tayoyi, abin da ya ba shi sauri da kwanciyar hankali a ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Lissafin tara maki yana ɗaukar matakala a matsayin aiki ɗaya cikin takwas, wanda sauri zai iya biyan diyyarsa. Amma bawul ɗin da ake bukata ranar 12 ga Maris ɗaya a sama yake, ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, kuma matakala ce ta tsayar da PackBot. Na'urar da ba ta hawa, komai saurinta, za ta isa gindin matakala da wuri ne ta tsaya. AHP da TOPSIS dukkansu suna yarda ƙwarewa a wani fanni ta rufe gazawa a wani, alhali aikin ceto yana da sharuɗɗan da ba a musayarsu da komai. Masanin Faransa Bernard Roy, wanda ya assasa hanyoyin ELECTRE tun a shekarun 1960, ya tanadi abin da ya dace da wannan, wato iyakar da in ɗan takara ya gaza kaiwa gare ta a wani ma'auni ba za a fifita shi ba ko da ya yi fintinkau a sauran. Kwamitin da ya san aikinsa zai fara tacewa da irin wannan sharaɗi kafin ya taɓa lissafin kasonni, kuma a wannan mataki Momaro zai fita.

Sai batun faɗuwa, wanda shi ne ya fi kowane abu ɗaukar hankalin waɗanda suka kalli gasar. Mutum-mutumi masu ƙafa biyu sun yi ta kifewa, wasu a bakin ƙofa, wasu wajen saukowa daga mota, wasu a kan ɓaraguzai. Atlas na jami'ar MIT ya faɗi yana fitowa daga mota a ranar farko, hannunsa na dama ya karye, ya ƙarasa yawancin sauran ayyukan da na hagu. Running Man ma ya faɗi a ranar farko, kuma makinsa takwas na rana ta biyu ne. DARPA ta yi wa faɗuwa kuɗin fansa na minti 10, sannan ta yafe zagayen da ya lalace tun da mafi kyau take ɗauka. A cikin ginin tukunyar nukiliya babu wanda zai shiga ya ɗaga na'ura mai kilo 150, babu kuma rana ta biyu. Na'urar da ta faɗi ta tafi ke nan, in kuma a kan hanya ta faɗi ta toshe wa ta bayanta. CHIMP ya faɗi a bakin ƙofa a zagayen da ya ci maki takwas, amma ya yi ta juya gaɓoɓinsa har ya miƙe da kansa, kuma shi kaɗai ya yi hakan a duk gasar. Wannan bajinta ba ta ƙara masa maki ko ɗaya ba, lokaci ma ta ci masa. Haka nan Atlas na haɗin gwiwar cibiyar WPI da Jami'ar Carnegie Mellon ya sami maki bakwai a kowace rana, bai faɗi ba, ba a kuma taɓa shi da hannu ba, amma ya ƙare a matsayi na bakwai. Da an auna tabbacin aiki na kwanaki biyun a haɗe, da matsayinsa ya ɗaga ƙwarai.

Idan aka ba rashin faɗuwa da iya tashi kason da filin aiki ke nema, abin da ke fitowa fili shi ne na'urorin da suka fi dacewa su ne waɗanda suka rage dogaro da tafiya irin ta mutum. HUBO yana da ƙafa biyu da hannu biyu, amma an saka masa tayoyi a gwiwoyi da tafin ƙafa, don haka galibin tafiyarsa a durƙushe ya yi ta, nauyinsa na kusa da ƙasa. A durƙushe ya ture tarkacen da ke kan hanya ya wuce. Yana miƙewa ne idan aiki ya bukaci tsayi, kuma da ya zo matakala sai ya juya gangar jikinsa gaba ɗaya ta fuskanci baya, ya hau ta yadda ƙwaurinsa ba zai bugi bakin matakalar ba. CHIMP kuwa a kan sarƙoƙin roba da ke jikin gaɓoɓinsa yake gangarawa. A cikin biyar na farko, Running Man ne kaɗai ya yi duk tafiyarsa da taku. Siffar ɗan Adam ta yi amfani ƙwarai daga ƙugu zuwa sama, inda ake bukatar hannu biyu da tsayin da zai kai ga bawul da mariƙin ƙofa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa taya da sarƙa sun fi taku aminci a 2015. Bisa wannan, hukuncina shi ne HUBO zai ci gaba da zama na ɗaya, CHIMP zai haura zuwa na biyu ya bar Running Man a bayansa, kuma tazarar da ke tsakanin HUBO da CHIMP za ta dogara ne ga yadda kwamiti ya ɗauki nauyin kilo 200 a kan matakalar ginin da ya riga ya sha fashewa.

Akwai wata matsala ta fasaha da ya kamata kwamiti ya kiyaye. Tun a 1983 Belton da Gear suka nuna cewa a AHP ƙara wani ɗan takara na iya sauya matsayin sauran, ko da shi bai kusa cin komai ba, kuma TOPSIS ma tana da wannan rauni domin na'urar mafarkinta daga jikin 'yan takara ake gina ta. Cire Momaro yana sauya ma'aunin sauri ga kowa. Wajibi ne a sake lissafi bayan tacewa, a kuma riƙa motsa kasonni sama da ƙasa a ga inda jerin ke juyewa, sannan a gabatar wa shugabanni wannan iyaka tare da sunan wanda ya zo na ɗaya.

Ma'aunai da dama kuma Pomona ba ta ba da alƙalumansu ba sam. Babu tururin nukiliya a filin, alhali tururi mai yawa yana lalata kyamara da ƙananan sassan lantarki. Babu ruwa, babu hayaƙi, babu duhu. Ƙungiyoyin sun san ayyukan tun da daɗewa in ban da na ba-zata, sun yi ta atisaye a kansu, kuma bayan kowane mutum-mutumi akwai ayarin injiniyoyin da suka gina shi ko suka rubuta manhajarsa. Nazarin da mahalarta suka yi bayan gasar ya nuna cewa kuskuren masu sarrafawa yana cikin manyan musabbaban gazawa. Hukumar da ta sayi na'ura ba za ta sayi waɗannan injiniyoyi tare da ita ba. Ma'aikatanta ne za su riƙe ta, a gajiye, cikin rigar kariya da safar hannu mai kauri. A Fukushima ma sai da aka horar da ma'aikatan kamfanin TEPCO, mai tashar, kafin PackBot ta shiga, fiye da wata guda bayan hatsarin. Teburin lissafi da aka cike da abin da ya sauƙaƙa aunawa, irin su tsayi da nauyi da ƙarfin batir, aka bar sauƙin koyo da juriyar tururi saboda ba su da alƙaluma, zai fitar da amsa mai lambobi uku bayan ɗigo, amma amsar wata tambaya ce dabam da wadda ma'aikatan 12 ga Maris suka fuskanta.

Aikin da ya biyo baya a Fukushima ya bi hanyar ƙera na'ura ta musamman ga kowane rami da kowane bututu. A watan Afrilu na 2015 wata na'ura mai sauya siffa ta Hitachi-GE ta shiga rumbun tukunya ta ɗaya ta maƙale bayan 'yan sa'o'i. A watan Fabrairu na 2017 na'urar Toshiba mai kama da kunama ta tsaya a hanya a tukunya ta biyu kafin ta kai inda aka nufa. A watan Yuli na wannan shekara wata ƙaramar na'ura mai iyo ta ɗauko hotunan abin da ake kyautata zaton narkakken makamashi ne a tukunya ta uku. A watan Nuwamba na 2024 wani dogon hannu mai zuƙewa da miƙewa kamar sandar kamun kifi, wanda ake kira Telesco, ya ciro gutsuren farko na narkakken makamashi daga tukunya ta biyu, nauyinsa kimanin giram 0.7, daga cikin wajen tan 880 da aka ƙiyasta suna cikin tukwanen uku.